Auren Kan Dandali

Ran Alhamis aka ɗaura wa Sailuba aure, a gaban jama'ar da ta fi ta masallacin unguwa yawa, ana tafi ana shewa. Ita kuwa ba ta san an ɗaura ba sai ran Asabar da hantsi, tana durƙushe a tsakar gida tana wanke-wanke.

Baffanta, Malam Nasidi, ya aiko a kira ta zaure. Tun rasuwar mahaifinta shi ke riƙe da gidan nan na Ƙofar Jatau, kuma ba ya kiran mace zaure sai in magana ta fi ƙarfin tsakar gida.

Ta tsaya bayan ƙyaure ta yi sallama. Ta tsagar katako ta hango ƙwaryar goro a gabansa. Goro mai yawa, irin wanda ba a kawowa don gaisuwa kawai.

"Sailuba, wasan nan da kuka yi a jami'a shekaranjiya, me kika fito?"

"Amarya, Baffa. Kande sunanta."

"Wa ya fito ango?"

"Yaya Kabir."

"Wa ya ba da auren?"

"Yaya Jalo."

"Jalo dai wanki, uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Shi, Baffa."

"Da ya zo bayarwa, wa ya ce ya bayar? Kande ko Sailuba?"

Ta tuna sarai. Tana zaune a gefen dandali cikin lulluɓi, maza suna ɗaya gefen a kan tabarma, sai ta ji muryar wanta ta ce, "Na ba ka auren ƙanwata Sailuba." Ɗalibai suka kwashe da dariya, don kowa ya ɗauka bakinsa ne ya suɓuce. Kabir bai jira dariyar ta lafa ba ya ce, "Na karɓa." Aka shafa Fatiha, aka buga ganga, wasa ya ci gaba.

"Sailuba ya ce, Baffa. Amma kuskure ne."

Malam Nasidi ya cire tabarau ya ajiye a kan littafin da ke buɗe a gabansa.

"Kabir ya zo da sassafe da goron nan. Ya ce tsoron Allah ya hana shi barci kwana biyu. Ya ce waliyyinki ya ba shi ke da sunanki, ya karɓa, ya miƙa sadaki, shaidu sun ji. Ya ce ya tambayi malamai, sun gaya masa abin da ni ma na sani: ɗaurin aure ba ya cikin abubuwan da ake wasa da su. In an ɗaura da wasa, ya ɗauru."

"Baffa, ai wasan kwaikwayo ne!"

"Na ji. Da Kande wanki ya ce, da na ce labari yake bayarwa, in koma karatuna. Bai ce Kande ba. Gobe bayan la'asar kowa ya zo nan. Har da yaron nan mai rubuta wasan."

Yaron nan mai rubuta wasan shi ne Bahago, ɗan wani baduku a Tukur-Tukur, wanda ke shekararsa ta ƙarshe a sashen wasan kwaikwayo. Shi Sailuba take so, gidan kuma duk an sani. Malam Nasidi ya yarda da ƙyar iyayensa su zo bayan jarrabawa. Inna, mahaifiyarta, ko da ƙyar ɗin ba ta yarda ba. Ita Kabir take so, ɗan wanta, ma'aikacin gwamnati mai fijo da babbar riga, wanda ke ƙaro karatu a reshen jami'a da ke unguwar Kongo. Ya nemi Sailuba ta ce ita wa ta ɗauke shi. Ya sake nema, ta sake faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce ba komai, kuma daga ranar ya zama mai son wasan kwaikwayo. Duk yammacin da ake gwaji yana can zaune a benci na baya, yana saya wa 'yan wasa lemo.

Ba ta ƙarasa wanke-wanken ba. Ta ɗauki mayafi ta fita neman bas ɗin Samaru, inda jami'ar take.

Makon fasaha da jami'a ke yi bai ƙare ba tukuna. An shanya yadudduka na rini a kan igiyoyi tsakanin itatuwa, masu ginin tukwane sun jera nasu a kan bencina, wasu 'yan kudu suna gwada gangunansu a inuwa. Tana ratsawa wasu ɗalibai suka hango ta.

"Amarya! Amaryar Kabir! Ina walima?"

Shekaranjiya da ta mayar musu da zolaya. Yau ta ja mayafi ta wuce.

A ɗakin nunin zane ta sami Bahago, yana taya wani abokinsa gyara wani babban hoto da ya karkace a bango. Hoton mata ne a kasuwa, duk an zana su ba fuska. Yana ganinta ya saki firam ɗin ya taho da fara'a.

"Kin ji an ce a maimaita wasan? Kin ji abin da…"

"An kawo goro gidanmu."

Ta gaya masa komai a tsaye, a ƙuryar ɗakin, bayan wani gunkin ƙarfe da aka haɗa da tsoffin sarƙoƙin keke. Da farko ya yi dariya. Da ya ga ba ta taya shi ba, ya daina.

"Wa ya ba Kabir matsayin ango?" ta ce.

"Kin sani ai. Inuwa ne zai fito. Safiyar wasa aka aiko masa wai babansa yana kwance rai a hannun Allah a Funtuwa. Kabir kuwa ya haddace maganganun duka don yawan kallo. An manna fosta, an sayar da tikiti. Me kike so in yi?"

"Inuwa ya dawo?"

Ya kau da kai. "Jiya."

"Yaya jikin baban nasa?"

"A gona ya same shi."

"A gona."

"Yana noma. Ya ce ko ciwon kai bai yi ba."

"Wa ya kawo saƙon?"

"Wani direba. Ba wanda ya san shi."

"Kuma tun jiya ka sani, ba ka zo ka gaya mini ba."

"Na ɗauka wani ne ya zolaye shi! Sailuba, wa zai kawo irin wannan a ransa?"

Ta dube shi ido cikin ido, irin kallon da ba ta taɓa yi masa ba.

"A gwaji, sadakin da ake miƙawa yankakkiyar jarida ce. Ran wasa na leƙa ta ƙasan lulluɓi, na ga takardun kuɗi sababbi a hannun Yaya Jalo. Wa ya canza?"

"Kabir ya ce jarida za ta ba mu kunya a gaban manyan baƙi."

"Ka yarda."

"Na yarda."

"Tsofaffin nan biyu masu rawani da ke zaune a layin gaba fa? Tunda kake ka taɓa ganin mai rawani ya biya kuɗi ya zo kallon wasan ɗalibai? Ko tafi ba su yi ba. Ana shafa Fatiha suka tashi suka fita."

"Shi ya kawo su. Ya ce maƙwabtansa ne."

"Shaidu ya kawo, Bahago. Kai kuma ka ba su kujera." Ta nuna shi da yatsa. "Gaya mini gaskiya. Ya yi maka alkawarin zai sa a kai wasanka bikin wasannin kwaikwayo na Kaduna, ko bai yi ba?"

Ya mayar da idonsa kan gunkin ƙarfen.

"Ya yi ko bai yi ba?"

"Ya yi. Amma wallahi ba a kan…"

"To ashe an biya ka."

Fuskarsa ta canza. Ya matso, ya rage murya don masu kallon zane sun fara waiwayowa.

"Tunda tambaya ake yi, ni ma ina da tawa. Ni ina bayan labule, ganga a kunnena, ban ji sunanki ba sai daga baya aka ba ni labari. Ke kuwa kina nan zaune, kin ji da kunnenki. Me ya hana ki yaye lulluɓi ki ce a'a? Kafin nan ma, da Jalo ya durƙusa ya tambaye ki ko kin yarda, kin sunkuyar da kai."

"Kai ka rubuta in sunkuyar da kai!"

"Da kika ji sunanki fa? Shi ma ni na rubuta?"

"Wa ya koya mana cewa ko rufi ne ya faɗo, kada wanda ya fita daga matsayinsa? Wa ya ce in ɗan wasa ya yi kuskure a rufa masa asiri, a ci gaba kamar ba a ji ba? Ran da na yi dariya a gwaji, kwana nawa ka yi ba ka yi mini magana ba? Na zauna kamar dutse don kada in ɓata maka wasa, Bahago. Don kai na yi!"

"Ko kuwa dai an gaji da ɗan baduku mai keke."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

"Maimaita."

Bai maimaita ba. Ya dafa bango ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ki yafe ni. Kaina ne ya ɗaure."

Suka tsaya haka, kowa yana kallon wani zane da ba ya gani. Can ta ɗago.

"Yaya ka rubuta ƙarshen wasan nan?"

"Kin sani mana. Ango ya kama Kande da laifin da ba ta yi ba, ya ce, 'Je ki, na sake ki.' Labule ya rufe."

"Ran Alhamis me Kabir ya ce?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Cewa ya yi, 'Na yafe miki, koma ɗakinki.' Mutane suka miƙe suna tafi. Duk maganganun wasan nan ya haddace, bai tsallake ko ɗaya ba sai wannan." Ta goge ido da gefen mayafi. "Kai ba ka yi fushi ba? Kai da ko tari ba ka so a ƙara maka?"

"Malaminmu ya zo ya kama hannuna, ya ce ƙarshen ya fi kyau haka."

"Ka gaya masa ba kai ka rubuta ba?"

Ya girgiza kai.

"Gobe bayan la'asar," ta ce. "Ka sa doguwar riga. Baffa ba ya son wandon nan naka."

Da ta koma gida ta tarar Inna ta jawo kwanukan kwalla daga ƙarƙashin gado ta baza su a tsakar ɗaki. Kwanukan da aka tara don aurenta ne, shekaru suna can cikin ƙura. Yau kuwa ƙal suke. Ba wankin yau ba ne, don ko danshi babu a jikinsu.

"Inna, yaushe aka wanke waɗannan?"

"Ina ruwanki? Zo ki miƙo mini murfin can."

Ba ta miƙa ba. Ta zauna a bakin gado.

"Inna, bara da na ce zan shiga wasa, kin ce sai dai bayan ranki. Bana kika yarda. Me ya canza?"

"Na ce sai da wanki a gefenki. Laifi ne uwa ta tsare 'yarta?"

Inna ba ta kiran sunan Jalo, don ɗan fari ne. Kunyar kiran sunansa take ji, amma duk abin da ya nema a duniya sai ta nemo masa.

"Ke kika ce kada a ba shi wani matsayi sai na wan amarya."

"To wan wa zai fito? Ba wanki ba ne?"

"Kuma ke kika ƙunsa mini lalle da hannunki."

"Ana amarya ba lalle?"

"Amaryar wasa, Inna."

Inna ta ajiye kwanon da ke hannunta a hankali.

"Ke kika ce wasa. Allah bai ce ba. Ni jahila ce, ban je jami'a ba, amma na san in Allah ya nufi abu, ko ta bakin mahaukaci sai ya zartar."

"Kin sani tun farko."

"Abin da na sani shi ne wanki ya rame. Kin dube shi kwanan nan? Kawunku ya rantse ba zai ba shi 'yarsa Maimuna ba muddin kina wulaƙanta ɗansa. Yarinyar da yake so tun tana goye. Ke kina can kina dariya da ɗan baduku, ɗan'uwanki yana nan yana ƙarewa a tsaye."

"Sai a biya da ni?"

"Wa ya ce biya? Gidan wana za ki, ba dawa ba. Me Kabir ya rasa? Ido ko ƙafa?"

"Ba na son sa, Inna."

"Ni da aka kawo ni gidan nan, an tambaye ni? Ga shi na haife ku." Ta jawo wani kwano ta hau gogewa da gefen zani, ko da yake ba abin gogewa. "Gobe ki riƙe bakinki. Maganar maza ce."

Washegari bayan la'asar zaure ya cika da mutum huɗu. Malam Nasidi a kan buzunsa. Kabir a damansa, cikin farar shadda, ya harɗe hannu kamar mai zaman makoki. Jalo a hagu, idonsa a ƙasa. Bahago can bakin ƙofar waje, kusa da takalma, inda ba wanda ya ce masa ya matso. Sailuba da Inna suna bayan ƙyauren cikin gida.

Da Bahago Malam ya fara.

"Kai ne marubucin?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"An ce ka sa bayarwa da karɓa, da sadaki, da shaidu, da Fatiha. Ba abin da ka rage. A ina ka koya?"

"Na je ɗaurin aure da dama ina saurare. So nake ya yi kama da gaske."

"Ya yi. Ka ci jarrabawa."

Ya juya ga Kabir. Kabir ya gyara murya ya yi bayani mai tsawo, irin na ofis. Shi taimako ya je. Shi ma abin ya zo masa ba zato. Da son ransa ne da ya yi shiru, amma yana tsoron wani ya zo ya yi aure a kan aure, alhakin ya hau kansa ranar gobe. Har ya ɗan share ido.

"Baffa, ina da magana," in ji Sailuba daga bayan ƙyaure.

Inna ta zungure ta. Ba ta kula ba.

"Faɗi."

Ta faɗi komai. Ciwon ƙarya na baban Inuwa, da sababbin takardun kuɗi, da tsofaffi masu rawani. Ta ajiye maganar saki a ƙarshe.

Malam Nasidi ya dubi Bahago. "Haka ka rubuta? Akwai saki a ƙarshe?"

"Akwai, Allah gafarta Malam."

"Kabir, in auren wasa aure ne, sakin wasa ma saki ne. Ka san haka?"

"Na sani, Baffa."

"Me ya sa ka tsallake?"

"Bakina ne ya ƙi. Na dube ta, na kasa."

"Bakin Jalo ya suɓuce, naka ya ƙi, duk a yamma ɗaya. Allah mai iko. To ga ta nan bayan ƙofa, ba ka ganin ta. Faɗi yanzu, kowa ya huta."

Kabir ya ɗago, makokin ya bar fuskarsa.

"Baffa, ni ba zan saki matar da ba ta yi mini laifin komai ba."

"Haka na zata."

Malam ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko Alƙur'ani cikin gafakarsa, ya ajiye a gaban Jalo.

"Kana da alwala?"

"Ina da ita, Baffa."

"To saurara. Wasa daban, kuskure daban. Mai wasa ya nufi kalmar da ya faɗa, ko da bai nufi abin da za ta jawo ba, shi ya sa ake kama shi. Mai kuskure kuwa ko kalmar bai nufa ba. In Kande ka so faɗa harshenka ya kauce, babu aure, ba kuma wanda ya yi laifi. Dafa ka ce kuskure ne, mu tashi."

Sai a nan Sailuba ta gane abin da ta yi. Ta kwashe kwana guda tana tara hujjar cewa shiri ne, ta zo ta zube ta a gaban Baffa, ashe igiyar take ƙara ja wa kanta. Da ta bar shi a kuskure, da yanzu an gama.

Jalo ya miƙa hannu. Ya kai dab da gafakar ya tsaya. Mutum ne da zai iya yaudarar ƙanwarsa a gaban ɗaruruwan mutane, amma a gidan nan aka yi masa tarbiyya, kuma ya ga yadda ake ba da labarin waɗanda suka dafa a kan ƙarya.

Ya janye hannun.

"Ba zan iya ba, Baffa. Da gangan na faɗa."

Kabir ya sauke numfashi. Bahago ya zabura zai miƙe.

"Zauna," in ji Malam, ko kallonsa bai yi ba. Ya mayar da Alƙur'anin kan kanta, ya daɗe yana gyara masa zama.

"Saura abu ɗaya. Wa ba uba ba ne. Ba ya aurar da ƙanwarsa sai da izininta."

"An tambaye ta, Baffa," in ji Kabir da sauri. "Jalo ya durƙusa ya tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Kowa ya gani. Budurwa kuwa in ta yi shiru…"

"Karatu za ka koya mini a zaurena? Wancan shirun rubuta mata aka yi, ban karɓe shi ba. Ni zan tambaye ta, a nan, bayan ta san abin da shirunta ke nufi." Ya ɗaga murya kaɗan. "Sailuba, kina ji na?"

"Ina ji, Baffa."

"Zan tambaye ki sau uku. In kin yi shiru, kin yarda, aure ya tabbata, maganar ta mutu a zauren nan. A ce wa gari shiri ne na cikin gida. In kin ƙi, babu aure. Amma kuma ya zama akwai wanda ya ɗauki amanar marainiya ya kai ta dandali ya yaudare ta da sunan Allah. Wannan ba zai sake kwana a gidan ɗan'uwana ba, ba kuma zan je nema masa auren kowa ba. Ban ɓoye miki komai ba."

Jalo ya kifa kai a gwiwa.

Bayan ƙyaure, Inna ta cafke wuyan hannun Sailuba. Yatsunta sun yi sanyi.

"Ki yi shiru," ta raɗa mata. "Ba abin da na ce ki faɗa. Shiru kawai."

"Inna…"

"Shi kaɗai gare ni namiji. In aka kore shi, wa zai ɗauki gawata? Ɗan baduku?"

"Sailuba, wanki ya ba da aurenki ga Kabir. Kin yarda?"

Zaure ya yi tsit. Daga waje ana jin mai tallan ƙuli-ƙuli tana wucewa.

"Yauwa 'yar albarka," in ji Inna cikin raɗa, hawaye na bin fuskarta. "Haka. Daure. Ni na daure, ban mutu ba."

"Sailuba!" Bahago ne, muryarsa ta fashe. "Don Allah ki yi magana!"

"Kai ka rubuta mata shiru," in ji Malam Nasidi. "Yanzu kai ka yi shi." Ya juyo ga ƙyauren. "Na biyu. Kin yarda?"

Ta leƙa ta tsagar katako. Ta ga ƙeyar Jalo, wanda ya goya ta zuwa makarantar allo ran da ƙaya ta soke ta. Ta ga Kabir yana gyara hannun rigarsa, har ya fara shirin karɓar gaisuwa. Bahago ba ta iya hango shi daga nan, kuma har yanzu ba ta tabbata ko Kaduna kaɗai aka yi masa alkawari ba.

Inna ta matso da bakinta dab da kunnenta.

"In kika buɗe baki, ban yafe miki nonon da kika sha ba. Duniya da lahira."

Sailuba ta dubi uwarta. Inna ba ta kau da ido ba.

"Na uku, kuma daga shi ba wani. Sailuba, kin yarda?"

Malam ya jira. Ya jira fiye da yadda ya jira a na farko da na biyu. Sannan ya ɗaga tafin hannunsa zai shafa Fatiha.

"Ban yarda ba."

Muryar ta fito ƙanƙanuwa, kamar ba tata ba.

"Ban ji ba," in ji Malam. "Kunnena ya tsufa."

"Ban yarda ba, Baffa! Ban yarda ba ran Alhamis, ban yarda ba yau!"

"Kun ji," in ji Malam Nasidi. "Babu aure. Jalo, kafin magariba ka bar gidan nan."

Yatsun da ke wuyan hannunta suka saki, ɗaya bayan ɗaya. Inna ba ta yi ihu ba, ba ta zage ta ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta ratsa tsakar gida a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a kai, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Aka ji ƙarar sakata.

A zaure muryoyi sun tashi, Kabir yana ambaton alƙali, Bahago yana kiran sunanta. Ba ta waiwaya ba. Ta bi bayan uwarta da gudu ta durƙusa a bakin ƙofar.

"Inna."

Ta ƙwanƙwasa.

"Inna, ki yafe ni. Inna, don Allah ki ce wani abu, ko zagi ne."

Ba a amsa ba. Ta sa goshinta a jikin katakon tana saurare. Wannan shirun ba wanda ya rubuta shi, kuma ba yarda ba ne.